"Ƙwayar halitta": suna ɗaya da aka ɗora wa kaya uku

Tun da gwamnatin tarayya ta amince a fara noman masarar TELA, wadda masana suka sauya wa halitta, a watan Janairun 2024, kalmar "ƙwayar halitta" ta zama ruwan dare. A rediyo ita ce, a zauren majalisa ita ce, a Facebook kuwa ba a magana. Dama can an saba jinta duk lokacin da rigimar uba da ɗa ta kai gaban alƙali aka ce a je gwaji. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, abubuwa uku mabambanta ake kira da wannan suna, kuma mai magana yakan tsallaka daga wannan zuwa wancan a jimla guda bai ma lura ba.

Kwanaki na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa duk wanda ya ci masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta, shi ma tasa za ta sauya. Baƙon da ya gayyato bai ce uffan ba. Raina ya ɓaci sosai, don na san dubban mutane sun kwana da wannan magana a matsayin ilimi.

Abu na farko shi ne wanda masana kimiyya ke kira sel. Kalmar ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya taɓa zuwa belin ɗan'uwa a ofishin 'yan sanda ya san sel, kuma wannan da wancan kalma ɗaya ce. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta ɗan ƙaramin ɗaki. A 1665 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya yanko ɓawon bishiyar da ake yin murfin kwalba da shi, siriri ƙwarai, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Sai ya ga ramuka a jere kamar saƙar zuma, kowanne da bangonsa, ya kira su ɗakuna. Abin da ya gani a gaskiya kango ne, bangon ƙwayoyin da suka riga suka mutu, amma sunan ya zauna har yau. Wayar salula da ke aljihunka ma daga wannan tushe ta samo suna, saboda ana yanka gari ne gida-gida, kowane yanki da ƙarfen sabis ɗinsa. Ka ga ke nan kalmar ta shigo mana ta ƙofa biyu tun kafin ta shigo ta ajin kimiyya.

Wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare zai tuna ranar da aka ɓare tantanin albasa, aka ɗiga masa aidin, aka bi layi ana leƙawa. Ga su nan a jere kamar tubalin gini, kowanne da ɗan ɗigo mai duhu a cikinsa. Ɗakin nan mai rai ne, yana ci, yana fitar da shara, yana rabuwa biyu ya hayayyafa. Tantanin da ya kewaye shi yana aikin mai gadi, ya bar sukari da iska su shiga, ya tare abin da ba a so. A ciki akwai wasu 'yan murahu da ke ƙona sukarin su ba da ƙarfi, akwai kuma masu ƙera furotin. Jikin babban mutum yana da irinsu fiye da tiriliyan 30, kuma dukansu daga guda ɗaya tak suka fito, wadda ta samu lokacin da ƙwan mace ya haɗu da maniyyi.

Ɗigon nan mai duhu shi ne cibiya, kuma a nan abu na biyu yake, wato DNA. Zare ne siriri wanda in aka warware na sel guda na jikin ɗan Adam zai kai kusan mita biyu, an naɗe shi ƙunshi 46, rabi daga uwa rabi daga uba. A jikinsa akwai rubutu da haruffa huɗu kacal. Abu na uku, wanda Turawa ke ce wa "gene", gutsure ne na wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin ƙera abu guda, kuma ɗan Adam yana da kusan 20,000 masu ba da umarnin furotin. Sel ɗaki ne, DNA kundin da ke ajiye a ɗakin, na ukun kuma shafi ne a cikin kundin. Hanta da ido kundi ɗaya suke riƙe da shi, shafukan da kowa ke karantawa ne suka bambanta.

A ganina "ƙwayar halitta" ta fi dacewa da sel, a bar mata shi. Shafin kuwa a kira shi "ƙwayar gado", kamar yadda wasu suka riga suka fara, tun da shi ake gada.

Cutar sikila ce ta fi nuna dalilin da ya sa na nace. A cikin haruffa kusan biliyan uku, ɗaya ne ya sauya a shafin da ke ba da umarnin ƙera sinadarin da ke dakon iska a jini. Wannan matsalar ƙwayar gado ce. Sakamakonta kuwa a jikin sel yake bayyana: jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ya kamata su zama zagaye masu laushi, sai su lanƙwashe kamar lauje, su maƙale a ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Sunan cutar ma daga sunan lauje a Turanci aka aro shi. Lafiyayyiyar ƙwayar jini tana kai kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke yawan yi musu ƙaranci. To in duka biyun "ƙwayar halitta" ne, ta yaya za ka fahimtar da saurayi da budurwa masu AS cewa jininsu lafiya lau yake aiki, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS? Ƙarin jini yana kawo wa mai sikila lafiyayyun sel na ɗan lokaci, bai taɓa shafin da ya gada ba.

Haka zancen masara da wake. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, shafi aka ƙara a kundinsa, wanda aka ɗauko daga wata bakteriya da ke zaune a ƙasa, don tsiron ya riƙa ƙera furotin da ke kashe tsutsar da ke huda kwanson wake. Kusan duk abincin da ya fito daga abu mai rai yana ɗauke da DNA, daga zogale har naman rago, kuma ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da sauran abinci. Mun shekara muna cin gero, babu wanda shafin gero ya shiga kundinsa.

Ni ma ina da tambayoyi kan irin nan, kuma ba ƙanana ba ne: wa zai riƙa sayar da shi, nawa ne kuɗinsa, me zai faru da irin gargajiya da manomi ke ajiyewa a rumbu, wa ke sa ido bayan an ba da izini. Waɗannan nake so in ji an titsiye jami'an hukumar da ke ba da izinin a kansu, amma rabin lokacin shirin yakan ƙare ne a kan tsoron da ruɗanin kalma ya haifar.