Daga DNA zuwa furotin: yadda harafi ɗaya ke jawo sikila

Duk wanda ya bi layin gwajin jini kafin aure a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ga takarda mai AA, AS ko SS. Ga abin da ke ƙarƙashin haruffan.

Shin mene ne DNA?

Kundi ne a cibiyar ƙwayar halitta, an rubuta shi da haruffa huɗu kacal: A, T, G, C. Kwafi biyu gare ka, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kowanne haruffa wajen biliyan 3.

To me ya kawo RNA ciki?

Ai kundin ba ya fita daga cibiyar ƙwayar. Kamar tsofaffin rubuce-rubucen hannu ne na cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu nan Sakkwato: a bar na asali inda yake, a kwafi shafin da ake buƙata. RNA ita ce kwafin, sai dai inda T take, U take sawa. Kuma rubutun allo ce, da an gama karatu sai a wanke.

Wa ke karanta ta?

Wata 'yar masaƙa mai suna raibozom, tana bin haruffan uku-uku. Jerin uku-ukun iri 64 ne, amino asid kuwa, wato tubalan ginin furotin, iri 20. AUG na nufin a fara. UAA, UAG da UGA na nufin a tsaya. Sauran kowanne na kiran amino asid ɗinsa, a zura shi kamar ƙwayar carbi a zare. Zaren ya naɗe, furotin ya samu. Masanin kimiyya Francis Crick ne ya bayyana wannan tsari na DNA zuwa RNA zuwa furotin a 1958.

Ina sikila ta shigo?

A shafin himogulobin, furotin da ke dakon oksijin a jini, GAG ta koma GTG. Harafi ɗaya tal! Sai amino asid na shida ya zama balin maimakon gulutamik asid. Da oksijin ya yi ƙasa, himogulobin ya manne wa juna, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin nan da ke hana yaro barci, musamman da sanyin hunturu, daga nan yake. Mai AS kwafinsa ɗaya lafiyayye ne, shi ke rufa masa asiri. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin SS ɗaya cikin huɗu, ko da 'ya'yan farko sun tsira.

Saƙon na komawa baya?

Ƙwayar HIV na mayar da RNA ɗinta DNA. Amma daga furotin, babu hanyar komawa.