Tambayoyin da kuke ta maimaita min kan wasan Pseudolus, ga amsa sau ɗaya

Tunda na yi maganar wasan nan ake ta turo min tambaya iri ɗaya, wasu ma sau uku. To ga shi nan, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Menene sunan wasan?

A Funny Thing Happened on the Way to the Forum. Wato wani abin dariya ya faru a hanyar zuwa dandalin birnin Rum. Wasan barkwanci ne mai waƙoƙi, an fara shi a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a 1962. Stephen Sondheim ya yi kiɗa da waƙoƙin, Burt Shevelove da Larry Gelbart suka rubuta labarin.

Tarihi ne na gaske?

A'a. Daga wasannin Plautus aka tsamo shi, marubucin Rum da ya rayu kusan shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa.

Wai Hero ne jarumin?

Sunan ne ya ruɗe ku, don hero a Turanci jarumi ne. Hero ɗan masu gida ne kawai da soyayya ta kama. Mai jan ragamar komai bawansa ne Pseudolus, maƙaryaci na ƙarshe, wanda ba abin da yake so a duniya sai 'yanci. Suka ƙulla: ka samo min yarinyar da na hango a gidan maƙwabta, in 'yanta ka.

Za mu iya yin sa a ƙungiyar wasan kwaikwayonmu?

Wannan ce tambayar kirki. Amsar ita ce ya danganta, kuma ba zan ce muku e kai tsaye ba. Na farko wasan yana da masu shi, sai da izini ake sa shi gaban jama'a, kamfanin Music Theatre International ne ke bayarwa kuma da kuɗi, kar wani ya ce muku ai makaranta ce ba komai. Sannan ku dubi masu kallonku da kyau, domin ɗaya daga cikin gidaje ukun da ke kan dandamali na Marcus Lycus ne, dillalin mata, akwai wurin da yake fito da su ɗaya bayan ɗaya suna rawa, ga kuma namiji da shigar mata a kashi na biyu. In zauren iyaye da malamai ne, ni dai zan yi tunani sau biyu, kuma wanda ya karɓi izini ba shi da ikon yanke abin da ya ga dama. Abin da na fi ba da shawara, in kuna da mai rubutu, ku koma kan Plautus ɗin kansa, nasa ba mai riƙe da haƙƙinsa yanzu, ku ɗauki bawa mai wayo da soja mai cika baki ku gina naku. Amma ko wanne kuka zaɓa ku sani wahalar tana ƙofofi: wannan ya shige ta nan a daidai lokacin da wancan ya fito ta can, in aka yi jinkirin daƙiƙa biyu dariyar ta mutu. Hankalinku ya kwanta, da maimaita gwaji ake samun sa, ba sai da kaya masu tsada ba.

Na kasa gane wa ke gidan wa

Haba. Gida uku ne fa. Na tsakiya na Senex ne da matarsa Domina mai faɗa, iyayen Hero, da babban bawansu Hysterium mai firgita. Ɗaya na Lycus inda Philia, yarinyar da Hero ke so, take. Na ukun na tsoho Erronius ne da ya tafi neman 'ya'yansa biyu da 'yan fashin teku suka sace tun suna jarirai.

Me ya hana Hero aurenta tun farko?

An riga an sayar da ita ga kyaftin Miles Gloriosus. Pseudolus ya yi wa Lycus ƙaryar ta kwaso annoba daga Crete, ya ɗauke ta zuwa gidansu, ya ce mata kyaftin zai ƙwanƙwasa sau uku. Sai ga Senex ya dawo daga tafiya ba zato, ya ƙwanƙwasa sau uku! Daga nan ƙarya ta fara haihuwa. Wurin da na fi so shi ne da Erronius ya dawo gidansa alhali Senex na ciki yana wanka, aka ce masa motsin da yake ji na aljanu ne, Pseudolus ya zama boka ya umarce shi ya zagaya duwatsun Rum bakwai sau bakwai, tsohon nan ya yi ta wucewa yana ƙirga.

Akwai fim?

Akwai, na 1966, da Zero Mostel. An cire waƙoƙi da yawa, kar ku auna wasan da shi.

Ya ƙarshen yake?

Kun nace, to. Zobe mai hoton garken dinya ya nuna Philia da kyaftin 'ya'yan Erronius ne, wa da ƙanwa, maganar aure ta rushe. Hero ya samu Philia, Pseudolus ya samu 'yancinsa.