Ba akwatin mesa gaba ɗayansa ake ɗumamawa ba

Masu kiwon ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo, a Turai da Amurka, sun daɗe suna ɗauka cewa tunda daga Ghana, Togo da Benin take, sai an cika akwatinta da zafi dare da rana. Ina! A daji ma ramuka da suri take ɓuya, sai dare ta fito.

Gefe guda na akwatin ake ɗumamawa, digiri 31 zuwa 33, ɗayan ya tsaya wajen 25, ita ta zaɓi wurin kwanciya. Na'urar daidaita zafi dole ce, in babu ita jikinta na iya ƙonewa. Fitila awa 12 ta isa. Jan ƙwan lantarkin da ake bari a kunne da dare kuwa, tana ganin haskensa sarai, gara a kashe shi.