Ghana Card da ɗan Zango: wa doka ta ce ɗan ƙasa ne?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a unguwar Aboabo ta Kumasi, gardama ta kaure a rumfar mai shayi. Wani saurayi da ke sayar da kayan waya a Adum yana ta rantsuwa cewa tunda a Kumasi aka yanke masa cibiya, babu mahalukin da ya isa ya tambaye shi asalinsa in ya je yin Ghana Card, wato katin shaida na ƙasa. Wani dattijo da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, ba haka doka ta ce ba." Saurayin ya juyo ya ce, "To Baba, me ta ce?" Dattijon ya yi shiru, don shi ma iyakar saninsa ke nan.

Tun ranar abin yake ci mini rai. Yawancinmu a Zango tsakanin mutanen nan biyu muke. Wani yana da haƙƙi bai san yana da shi ba, sai ya shiga ofis yana rawar jiki kamar wanda ya je roƙo. Wani kuma yana tsammanin yana da haƙƙi alhali doka ba ta ba shi ba, sai ya je ya yi rantsuwar da za ta iya kai shi gaban alƙali.

Da a shekarun baya ne, sai a ce gardamar mai shayi ce kawai, ta ƙare a nan. Yanzu cin abincin mutum ne ya rataya a kan katin. Hukumar katin shaida ta ƙasa, NIA, da ke bayar da shi an kafa ta da doka mai lamba 707 a 2006, dokar rajistar kanta kuma ita ce mai lamba 750 ta 2008, wadda aka yi wa gyara a 2017. Ƙa'idojin da aka fitar a 2012 sun riga sun jera abubuwan da za a nemi katin kafin a yi su, irin su buɗe asusun banki, yin fasfo, lasin tuƙi, cinikin fili da rajistar layin waya. Sai dai maganar ta daɗe a takarda kawai, domin mutane ba su da katin. Bayan gagarumar rajistar 2019 da 2020 ne ƙofofi suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1 ga Afrilun 2021 lambar katin ta zama lambar biyan harajin mutum. Daga 1 ga Oktoba na shekarar aka fara sake rajistar layukan waya da shi. Daga 1 ga Yulin 2022 Babban Bankin Ghana ya ce shi kaɗai ne shaidar da bankuna za su karɓa. Da wa'adin 31 ga Mayun 2023 ya cika, aka toshe miliyoyin layukan da ba a haɗa da katin ba.

Wanda bai san kasuwa ba zai ɗauka toshe layi hana kira ne kawai. Ka tambayi Hajiyar da ke sarin albasa daga Bawku, ko mahaucin da ke tura kuɗin shanu arewa, ko 'yar kayaye mai dako a kasuwar Kejetia da ke aika wa mahaifiyarta ɗan abin da ta samu. Lalitarsu ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a kan layin take. Layi ya mutu, ciniki ya tsaya. Ke nan tambayar wane ne ɗan ƙasa ta fito daga ɗakin lauyoyi ta shigo tsakiyar kasuwa.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe: katin ba shi ne ke mayar da mutum ɗan ƙasa ba. Shaida ce kawai ta abin da tsarin mulki ya riga ya yanke. Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1992 da dokar zama ɗan ƙasa mai lamba 591 ta shekarar 2000 su ne masu faɗa a ji. Kuma a nan saurayinmu ya yi kuskure, domin Ghana ba kamar Amurka ba ce, inda haihuwa a ƙasar kaɗai ta wadatar. A nan ana duba abu biyu ne: shekarar da aka haife ka, da matsayin iyayenka ko kakanninka.

Wanda aka haifa daga 7 ga Janairun 1993 zuwa yau, ranar da tsarin mulkin ya fara aiki, ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, ko ya rasu yana ɗan ƙasa. Ko a Kumasi aka haife shi ko a Jidda, duk ɗaya ne. A lura da kalmar ɗaya. Kakanni huɗu mutum yake da su, guda tak ya isa, kuma doka ba ta fifita dangin uba a kan dangin uwa ba. Na sha jin ana cewa wai "ai uwarsa ce kawai 'yar nan". Uwar ta isa. Kakarsa ta wajen uwa ma ta isa.

To shi kakan, me ya mayar da shi ɗan ƙasa? Nan ne gishirin maganar yake ga mutanen Zango. Dokar 591 ta ce wanda aka haifa kafin 6 ga Maris 1957, ranar samun 'yancin kai, ɗan ƙasa ne idan a nan aka haife shi kuma aƙalla ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa shi ma a nan aka haife shi. Ba a ce sai iyayen sun fito daga wata ƙabila ba. An ce a nan aka haife su, shi ke nan. Waɗanda aka haifa tsakanin 1957 da 1993 kuma an kasa su gida uku, bisa ranakun da tsarin mulkin 1969 da na 1979 suka fara aiki, kowane rukuni da ɗan bambancin sharaɗinsa. Misali wanda aka haifa tsakanin 22 ga Agustan 1969 da 24 ga Satumban 1979, sai ɗaya daga cikin iyayensa ya kasance ɗan ƙasa a lokacin haihuwarsa.

Bari mu ɗauki misali irin wanda ke kusan kowane gida. A ce an haifi wani Alhaji a Zangon Kumasi a 1945. Mahaifinsa Bakano ne da ya biyo fatake neman goro, mahaifiyarsa kuma a Salaga aka haife ta. Wannan Alhajin ɗan ƙasa ne tun daga tushe, saboda mahaifiyarsa. Ɗansa da aka haifa a 1972 ɗan ƙasa ne saboda shi. Jikansa na 1998 ma haka. Ko da gidan duka ba wanda ya iya Twi, yaren Asante, ko da sunan jikan Sani ko Ɗanjuma, ba ya canja komai. A ɗaya gefen, a ce miji da mata sun zo daga Sakkwato ko Tawa a 1990, babu ɗan Ghana a iyayensu, suka haihu a Asawase a 2000. Yaron ya tashi a nan, bai san wata ƙasa ba, Twi a bakinsa kamar ruwa. A ido na doka ba ɗan ƙasa ba ne ta hanyar haihuwa. Akwai ciwo a faɗin hakan, amma ɓoye masa ya fi cutar da shi.

Babu inda waɗannan dokoki suka ambaci harshe ko suna ko addini a matsayin ma'aunin wanda aka haifa ɗan ƙasa. Sashe na 17 na tsarin mulki ma ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Duk da haka shugabannin Zango da na Fulani sun sha kokawa a fili cewa ana tsaurara wa mutanensu tambayoyi fiye da kowa a wuraren rajista iri-iri. Ma'aikaci yana da hurumin yin tambaya, wannan aikinsa ne. Amma tambayar da doka ta ɗora masa ita ce ina aka haifi iyayenka da kakanninka da kuma yaushe. Idan aka ce maka "ai Hausawa ba su da gari a Ghana", wannan ra'ayin mai faɗa ne, ba ya cikin kundi. Musulmi 'yan kasuwa da malamai suna zaune a Kumasi tun farkon ƙarni na 19, zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu. Hanyar goro ta Salaga zuwa Kano ta girmi iyakokin da Turawa suka shata. Sojojin Hausa na Glover, wani hafsan Birtaniya, sun yi yaƙi a wannan ƙasa a 1873 da 1874, da yawa kuma a nan suka zauna suka hayayyafa.

Na san abin da ke sa dattawanmu ɗari-ɗari da ofis. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka tafi, har da waɗanda a nan aka haife su, unguwannin Zango suka yi ta ganin motoci cike da kaya. Wanda ya ga wannan da idonsa, ko aka ba shi labari a ɗakin kakarsa, ba za ka ga laifinsa ba in gabansa ya faɗi da aka ce ya kawo tarihin gidansu. Amma tsoron nan shi ke sa wasu su ɓoye gaskiyar da ita ce za ta cece su. Mutum ya ƙirƙiro wa kansa wani ƙauye a arewa da bai taɓa takawa ba, a yi masa tambaya biyu ya rikice, alhali da ya ce kakata a Yalwa ta Kumasi aka haife ta, da magana ta ƙare.

Wajen rajistar kanta, ana karɓar takardar haihuwa, ko fasfon Ghana mai aiki, ko takardar shaidar cewa gwamnati ta ba mutum zama ɗan ƙasa. Wanda ba shi da ko ɗaya ba a rufe masa ƙofa ba. Ɗan'uwansa na jini da ya riga ya sami katin zai iya tsaya masa da rantsuwa. In babu ɗan'uwa, mutum biyu masu katin, daga cikin rukunin mutanen da hukumar ta amince da su, waɗanda suka san shi, za su iya. Ana kuma neman adireshin gida na GhanaPost GPS, sannan a ɗauki zanen yatsu da hoton fuska da na ƙwayar ido. Katin inshorar lafiya ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ne, Kotun Ƙoli ta faɗi haka tun 2014, domin baƙo ma yana iya mallakarsa.

Rantsuwar nan kada a ɗauke ta wasa. Mu mutane ne masu kara, maƙwabci ya zo ya ce "Malam, ka taimaka ka tsaya mini", ka ji nauyin cewa a'a. In ka san iyayensa da kakanninsa, tsaya masa da zuciya ɗaya, lada ne. In ba ka sani ba, ka tuna sunanka da lambarka suna manne da nasa a kwamfuta, kuma bayar da bayanin ƙarya laifi ne a ƙarƙashin dokar, a kanka da shi duka. Ban da haka, duk wanda aka kama da katin da bai cancanta ba, ƙarin hujja ce a hannun masu zargin Zango gaba ɗaya, kuma 'ya'yan gida na halak su ne ke biyan bashin a layi na gaba.

Shi kuma wanda lissafi ya nuna ba ɗan ƙasa ba ne, yana da hanyoyinsa. Akwai katin baƙi da hukumar ke bayarwa, wanda aka wajabta wa duk baƙon da ya yi kwana 90 a ƙasar cikin shekara. Ana biyan kuɗinsa da ƙimar dala, ana sabunta shi, kuma da shi ake rajistar layi da hulɗa da banki. Kuɗin yana da nauyi ga mai tura baro ko mai yankan farce, kuma a ganina ya kamata a sassauta wa talakawan Afirka ta Yamma, musamman waɗanda aka haifa a nan. Wanda ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa zai iya neman a yi masa rajistar zama ɗan ƙasa. Wanda ya daɗe zai iya nema ta Ma'aikatar Cikin Gida, in ya zauna wata 12 a jere kafin neman, da jimillar shekara 5 cikin 7 da suka gabace su, yana da halin kirki, yana kuma jin ɗaya daga cikin harsunan ƙasar. Tun gyaran tsarin mulki na 1996 Ghana ta yarda ɗan ƙasarta ya riƙe ƙasa biyu.

Sai maganar aron kati, wadda na fi gani a tsakanin matasa. An ƙayyade wa kowane mutum layi 10 a kan katinsa, duk kamfanoni a haɗe. Wasu sai su ga ai akwai rara, su yi wa aboki ko wani baƙo rajistar layi da sunansu, wani lokaci a kan 'yan sidin da ba su kai kuɗin waakye na kwana biyu ba. Ranar da aka damfari wata tsohuwa kuɗin MoMo da wannan layin, sunan da zai fito shi ne naka, ƙofar gidanku za a ƙwanƙwasa. Kada ka bar katinka a hannun mai shago ya ce ka dawo anjima, kada ka tura hotonsa a WhatsApp ga wanda ba ka sani ba. In kana shakka, je ofishin kamfanin wayarka ka nemi a duba maka layukan da ke kan lambarka, a cire wanda ba naka ba.

Ina ganin amfanin katin, ba na musu. Mace mai koko da ba ta taɓa mallakar wata takarda ba yanzu tana da shaidar da banki ba zai raina ba, tana iya ƙetara iyakar ƙasashen ECOWAS da ita. Damuwata ita ce an ɗora waya da banki da haraji da fansho duka a kan ƙofa guda, alhali hujjar shiga ƙofar, ga yawancin gidajenmu, tana cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi ne, ba a takarda ba. Tsofaffin kuma tafiya suke yi.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowane gida. Rajistar haihuwa kyauta ce cikin wata 12 na farkon rayuwar jariri, a yi ta tun ana cikin hidimar suna, kada a bari sai yaro zai shiga makaranta. A tabbata sunan da aka rubuta da yadda aka rubuta shi iri ɗaya ne a kowace takarda, don Mohammed a nan da Mahamadu a can ya hana mutane da yawa kuɗinsu a banki. Sannan wanda Allah ya bar masa kaka da rai, ya ɗauki littafi da biro ya zauna a gabanta a daren nan: Kaka, a wane gari aka haife ki? Babanki fa? Innarki 'yar wace unguwa ce, wa ya san ta a cikin waɗanda suka rage? Ya rubuta, ya haɗa da tsofaffin rasit na fili da katin awon jarirai da duk wata takarda da ke ƙasan adaka, ya sa a leda ya ajiye inda ruwan damina ba zai kai ba.