Gashin cutar daji (kashe ƙwayoyin daji da haske mai ƙarfi daga na'ura): tambayoyin da ake yi mini kullum kafin a fara

Akwai zafi?

Babu. Ka kwanta, na'ura ta zagaya ka tana ƙara, ka tashi. Zaman kan ɗauki minti 15 zuwa 30, akasarinsa wajen daidaita kwanciyarka yake tafiya.

Ranar farko hoto kawai aka yi mini. Sun manta da ni ne?

Ba wanda ya manta da kai. Ranar awo ce: hoton siti-sikan, a sa maka alama a fata, idan kai ko wuya ne a ɗumama wata roba mai raga a manna ta a fuskarka har ta daskare. Daga nan likitoci su ɗauki kwanaki suna lissafin inda hasken zai bi.

Zan iya wanke alamun?

Don Allah kar ka dirje su! Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar ƙarfi, ka tsane wurin da tawul a hankali. Kuma kar ka shafa komai sai ka tambaya.

Idan na tsallake rana fa?

To, nan ne ba ni da amsa guda. Yawanci ana yin gashin Litinin zuwa Juma'a na tsawon makonni, kuma an raba shi haka ne don lafiyayyen nama ya samu ya farfaɗo. Rana ɗaya, sau da yawa, akan ƙara ta a ƙarshe. Amma ya danganta da irin dajin. Na kai da wuya da na bakin mahaifa ba sa son jinkiri, domin ƙwayoyin kan ci gaba da hayayyafa. Na bakin mahaifa ma ana so a kammala cikin mako 8. Wani lokaci likita kan sa a yi sau biyu a rana, da tazarar aƙalla awa 6, wani lokaci bai ga dalili ba. Idan fata ta saɓule ko jiki ya yi laushi, shi da kansa zai iya cewa a dakata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka yanke wa kanka hutu, ka yi shiru a gida. Kira su tun da safe.

Zan iya ɗaukar jikokina?

Ɗauke su. Gashin da ake yi daga waje ba ya barin komai a jikinka. Idan dasa wani abu mai fitar da hasken aka yi a cikin jikinka, bi abin da aka gaya maka.

Sumata za ta zube?

Sai in kanka ake gasawa.

Me ya kamata likitoci su sani tun farko?

Juna biyu, ko da zato ne. Na'urar bugun zuciya idan an sa maka. Duk maganin da kake sha, har wanda kake jin nauyin faɗa. Masu shan taba kuma, tana rage tasirin gashin, ku daina tun yanzu.