Ku Daina Haɗa Man Inji da Ido

Tun da aka shiga feshin wake, ba a kwana biyu ba a kawo injin feshi na goyo ko ƙaramin janareta irin Tiger ba, wai ya tsaya cak, igiya ma ta ƙi jawuwa. Bakanike na buɗewa sai a tarar fistin ya kama, jikinsa duk ya karce. Ka tambayi mai shi yadda yake haɗa mai, amsar ɗaya ce: "Ai ɗan tsiyaya masa nake yi."

'Yan uwa, wannan tsiyayawa da ido ita ke kashe muku injuna. Inji mai shan haɗi, wato fetur da aka gauraya da man inji, ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. Ɗan man da ke cikin fetur shi kaɗai ke shafe fistin da ringi da boris. In ya yi kaɗan, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga. In ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi ƙirin, salansa ta toshe, inji ya rasa ƙarfi. Har akwai masu ganin hayaƙin su ce inji ya ƙoshi. Bai ƙoshi ba, shaƙe shi ka yi.

Awon na rubuce a jikin tanki ko murfi ko takardar injin. In an rubuta 50:1, mililita 20 ke nan na mai a litar fetur ɗaya, lita huɗu kuma 80. In 40:1 ne, 25. In 25:1 ne, kamar yawancin injunan feshi 'yan China, 40. Sirinji mai cin mililita 20 nawa yake a kemis? Ko kuɗin fulogi bai kai ba, amma sai mutum ya ce ido ya ishe shi. Haba Malam!

Man kuma 2T ake cewa, an yi shi ne don ya ƙone tare da fetur. Baƙin man mota ba ya ƙonewa tas, toka yake bari. Wanda aka juye daga mota kuwa, mai ɗauke da garin ƙarfe, don Allah ku bari. Na san kuɗi ya yi wuya, amma fistin da ringi sun fi kwalbar 2T tsada nesa ba kusa ba.

A taƙaice:
- A haɗa a jarka mai tsabta, ba cikin tanki ba.
- Rabin fetur tukuna, sai mai, a girgiza, a cika, a sake girgizawa.
- Kada haɗi ya wuce wata guda a ajiye. A girgiza kafin kowace zubawa.
- Fetur ɗin bumburutu, a tace shi.
- Kafin a zuba, a kashe inji ya huce, nesa da murhu da taba.

A rubuta "haɗi" a jikin jarkar, kada yaro ya ɗauka ya zuba wa injin ban ruwa, don shi baƙin mansa daban yake, tsurar fetur yake sha.