Samfurin jirgin ceto mai aiki da tururi

Samfurin jirgin ceto mai aiki da tururi ƙaramin jirgi ne da ake ƙerawa da hannu bisa ma'auni, a kwaikwayi jiragen da suka yi aikin ceton rayuka a gabar tekun Birtaniya daga 1890 zuwa 1928. Wasu magina suna yin sa don ajiya cikin akwatin gilashi, wasu kuma don su sake shi a tafki suna sarrafa shi da rediyo. Jiragen na asali ba su da yawa, babu kuma ko ɗaya da ya rage yana aiki, shi ya sa samfurin da aka yi da kyau ya zama hanyar da ido zai ga surarsu a tsaye.

Jiragen asali

Hukumar jiragen ceto ta Birtaniya, RNLI, wadda aka kafa a 1824, ta daɗe tana dogaro da jiragen da ake tuƙawa da ƙarfin hannu da na iska. Wanda ya assasa ta, Sir William Hillary, ya kawo shawarar jirgi mai tururi tun farkon tafiya, amma sai bayan shekara sittin da wani abu aka iya yin sa. Dalilin jinkirin a fili yake: igiyar ruwa tana iya kashe wutar tukunyar tururi, farfela kuma tana iya karyewa ko ta sarƙe da igiyoyin jirgin da ya tarwatse.

Jirgi na farko shi ne Duke of Northumberland. Kamfanin R. & H. Green na Blackwall a Landan ne ya gina shi da ƙarfe, kamfanin Thornycroft ya haɗa masa inji, jirgin kuma ya fara aiki a tashar Harwich da ke Ingila a 1890. Tsawonsa ƙafa 50, kimanin mita 15. Ba shi da farfela ko kaɗan. Injinsa yana juya wani babban famfo ne, famfon ya zuƙo ruwa ta ƙarƙashin jirgi ya feso shi ta bututai a gefuna. Idan aka feso baya jirgi ya yi gaba, idan aka karkatar da ruwan gaba ya ja da baya, ba tare da an tsayar da inji ba. Gudunsa ya kai kusan kilomita 17 a awa. Mafi yawan shekarunsa ya yi su ne a tashar Holyhead da ke Wales, har 1922. A can ne, a watan Fabrairun 1908, ya kuɓutar da mutum tara daga jirgin Harold cikin guguwa mai tsanani, aka ba shugaban matuƙansa William Owen lambar zinariya, sauran ma'aikatan kuma ta azurfa.

Biyar suka biyo baya. City of Glasgow na 1894 da Queen na 1897 sun bi tsarin feshin ruwa. James Stevens No. 3 da No. 4, da City of Glasgow na biyu wanda aka gama a 1901, sun koma ga farfela, aka ɓoye ta cikin wani rami a gangar jirgi don kariya. James Stevens No. 4 bai daɗe ba: ya kife a bakin tashar Padstow ranar 11 ga Afrilun 1900, mutum takwas daga cikin ma'aikatansa suka rasu. Tsadar kwal, da bukatar injiniyoyi da masu zuba kwal na dindindin, da nauyin da ya sa dole a bar jirgi a kan ruwa kullum, su suka sa injin fetur ya kori jiragen tururi.

Neman zane da zaɓen ma'auni

Magini na gaskiya yakan fara da takarda kafin ya taɓa katako. Gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich yana ajiye da tsoffin zanen jirage, mujallar hukumar RNLI ta wancan zamani kuma ta bayyana waɗannan jirage lokacin da suke sababbi. Akwai wani shaida mai daraja a Ostareliya: gangar City of Adelaide, jirgin ceto mai feshin ruwa da kamfanin Green ya gina a 1894, tana nan a garin Port Lincoln. Sai dai zane yana nuna abin da aka yi niyya ne, hoto kuma yana nuna abin da ya kasance, domin jirgin da ya yi shekara talatin yana aiki ya sha gyare-gyare. Wajibi ne magini ya tsayar da shekara guda da tasha guda, ya bi su.

Ma'auni shi ke yanke hukuncin komai. A 1:12, wato samfuri ya zama kashi ɗaya cikin goma sha biyu na tsawon asali, jirgi mai ƙafa 50 yakan fito da tsawon santimita 127. A 1:16 kimanin 95. A 1:24 kusan 64. Nauyi kuwa ba haka yake raguwa ba, sau uku ake raba shi da lambar ma'auni. A 1:12, kowane tan na jirgin asali ya zama giram 580 ke nan, a 1:24 kuma giram 72 kacal. Nan ne masu son saka tukunyar tururi ta gaske suke gane cewa ƙaramin ma'auni ba zai ɗauke ta ba. Gudu ma yana da nasa lissafin: samfurin 1:12 da ke tafiya kusan kilomita 5 a awa, wato saurin mai tafiya a ƙasa, shi ne ya yi daidai da asali. Wanda ya wuce haka ya koma kwale-kwalen tsere.

Gangar jirgi

Hanyar da aka fi bi ita ce a yanka haƙarƙarin jirgi daga filawud, a jera su a kife bisa allo, a rufe da siraran katako ɗaya bayan ɗaya, a goge da samfefa, sannan a shafe ciki da waje da ruwan roba mai daskarewa don kada ruwa ya shiga. Wasu kan tara alluna masu kauri su sassaƙe su, wasu kuma su zuba gangar faiba daga kwamin da suka yi.

Aikin da ke cin rai yana zuwa bayan wannan. Jiragen asali na ƙarfe ne da aka haɗa da dubban ƙusoshin ribiti, don haka gangar da ta yi sumul ƙarya ce. Magini yakan yanka faranti daga siririn roba ko alminiyam, ya liƙa su kowanne yana hawa bakin ɗan'uwansa kamar yadda zane ya nuna. Kawunan ribiti kuwa, ko dai a turo su daga bayan faranti da tsinken ƙarfe mara kaifi, ko a ɗiga farin gam da sirinji, ɗigo bayan ɗigo a kan layin fensir. Idan gam ya bushe yakan ɗan janye ya bar ƙaramin tudu, fenti ya rufe shi. Kuskuren da aka fi gani shi ne a yi su manya don a burge mai kallo; a 1:12 kan ribiti bai wuce milimita biyu ko kusa da haka ba.

Inji

A nan magina suka rabu gida biyu. Masu tururi na gaske suna ƙera tukunya da jan ƙarfe, su liƙe ta da azurfa, su hura mata wutar gas, su sa mata bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa. Ƙa'idar ƙungiyoyin wannan sana'a ita ce a gwada sabuwar tukunya da ruwa a matsin da ya ninka na aikinta sau biyu kafin a kusantar da wuta. Ba abin wasa ba ne, ƙaramar tukunya ma tana ƙona hannu da fuska. Ga jiragen James Stevens masu farfela wannan hanya tana tafiya daidai.

Masu feshin ruwa sun fi wuya. Famfo yana cin ƙarfi da yawa ya mayar da kaɗan, matsalar da jiragen asali ma suka sha, kuma tana ƙaruwa idan bututai suka ƙanƙance. Saboda haka yawanci ana juya famfon da injin lantarki da batir, a ƙara na'urar hayaƙi a cikin bututun sama. Wasu kan ɓoye farfela a ƙarƙashi su bar bututan feshi a matsayin ado. Wannan ya fi sauƙi, amma ya zubar da ainihin abin da ya sa Duke of Northumberland ya bambanta da mafi yawan jiragen zamaninsa. Samfurin lantarki mai feso ruwa ta gefuna ya fi kusa da gaskiya.

Bene da launi

Kayan bene ana yin su da tagulla da katako: bututun hayaƙi, mashaƙar iska, anga, igiyoyin kamawa da ke lilo a gefen jirgi, da rumfar baya inda matuƙi da waɗanda aka ceto suke fakewa. A sa komai mai nauyi can ƙasa, domin samfurin da samansa ya yi nauyi yakan kwanta da zarar iska ta taso.

Launi yana bukatar hattara. Hotunan wancan zamani baƙi da fari ne, kuma filim ɗinsu yana mayar da ja ya yi duhu, shuɗi ya yi haske, har mai kallo ya ɗauki wani launi a matsayin wani. Tsoffin zanen fenti da samfuran da kamfanonin suka yi tun lokacin sun fi hoto abin dogaro a wannan fanni.